Laifuka Uku a Hannun Auta

Ni gyaran fanka nake yi, da dutsen guga, da injin markaɗe idan an kawo. Shekara ashirin da shida ina shago ɗaya, kan benci ɗaya. Abin da na sani game da kiɗa bai wuce wanda nake ji ta bangon ɗakin 'yata ba. Amma aikina ya koya min abu ɗaya: in ka ga fanka tana rawa tana ƙwanƙwasa, ba ita ta lalata kanta ba, wani ne ya lanƙwasa mata fiffike. Da wannan tunanin na karanta takardar da Auta ta bari a kan teburin falo ranar Litinin.

Auta ita ce ƙaramarmu, shekararta ashirin da huɗu, kuma makaɗiya ce. A tsakiyar ganguna huɗu take zama, da farantan ƙarfe uku, da wata babbar ganga da ake takawa da ƙafa. Gidan talabijin na neman makaɗi a ƙungiyarsu, aiki na dindindin, albashi duk wata, katin asibiti, har da fansho. Ni da ban taɓa sanin abin da gobe za ta kawo shago ba, kalmar fansho kaɗai ta isa ta hana ni cin abinci. Mutum goma sha tara suka je gwaji, aka tace saura biyu, Auta da wani saurayi. Daraktan kiɗa ya ce ta koma ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe don gwajin ƙarshe, ya kuma rubuta mata abin da bai yi masa ba.

Na ɗaya, hannunta yana sauka bayan lokaci, kaɗan ne, amma kullum. Na biyu, tana barin rami a ƙarshen kowane baiti, wurin da ya kamata ta cika da kiɗa. Na uku, tana ɗaga kafaɗar hagu kafin kowane canji, kuma kyamara za ta kama. A ƙasa ya ƙara da jan biro: "Wannan ba rashin iyawa ba ne, koya mata aka yi. In bai fita ba, ba za mu ɗauke ta ba."

Sau huɗu na karanta. Na same ta a kicin tana tsoma burodi a shayi.

"Wa ya koya miki waɗannan?"

"Baba, wa ya ce ka karanta?"

"A kan teburina na gani. Wa ya koya miki?"

"Zan gyara kafin Alhamis. Bar shi kawai."

"Tsofaffin nan ne, ko?"

Ta ci gaba da tsoma burodinta. Uwarta ce ta leƙo daga ƙofa da tsumman guga a hannu.

"Kai dai ka zauna wuri ɗaya. Kada ka je ka yi abin da ka saba."

"Me na saba?"

"Ka manta malamin lissafi? Har yau in ya hango ni a kasuwa canja layi yake yi."

Na ce malamin lissafi shi ya jawo wa kansa. Amma raina ya riga ya tafi wajen tsofaffin.

Su uku ne. Shekara shida Auta tana kiɗa da su, tun tana sha takwas. Ranar Lahadi suna wasa a zauren wani otal, wani lokaci a liyafar kamfani, Talata da Asabar kuma suna atisaye da ƙarfe huɗu a wani ɗaki da ke saman shagon masu faci. Sau da yawa ni nake kai ta a babur, in zauna a ƙasa kan tsohuwar taya ina jira. Ban taɓa hawa ba. Na ɗauka na miƙa 'yata ga ƙwararru, mutanen da aka ce sun yi suna tun ina saurayi. Ashe abin da suka yi ke nan. Shekara shida! Yarinya ta ba su ƙuruciyarta, ta ɗauki ganguna a kai ta hau matakala ta sauko, su kuma abin da za su saka mata da shi shi ne laifi uku da za su raba ta da aikin da ba ya zuwa sau biyu.

Ranar Talata ƙarfe uku da rabi na rufe shago, wani mai dutsen guga yana ta kirana ban juyo ba. Na ɗauki takardar a aljihu.

Matakalar ƙarfe ce, tana warin roba da man inji. Ɗakin ƙarami ne, an liƙe bangonsa da kwalin ƙwai, kafet ɗin ƙasa ya sha shayi har ya canja launi. Abin da na fara gani, don idona ya saba, fankar sama ce: fiffike ɗaya a lanƙwashe, tana juyawa tana ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sannan na ga mutanen.

Mawaƙiyar tana tsaye a tsakiya, mace mai jiki, ta haura sittin, da manyan 'yan kunne da jaka a rataye a kan sandar makirufo. Kowa Anti yake ce mata. A dama, kan doguwar kujera, akwai Dogo da jitarsa mai kaurin murya wadda suke kira bas. A hagun Auta, kusa da ita sosai, wani gajeren tsoho da rigarsa a cikin wando yana riƙe da ƙaho. Shi ne Kofur, a ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya yi ritaya.

Suna tsakiyar waƙa na shiga. Auta ce ta fara ganina, sandunanta suka tsaya a sama.

"A'a, Baban Auta!" in ji Anti. "Yau kai ne a sama? Shekara shida muna hango ƙeyarka ta taga. A ba Injiniya kujera."

"Ba zama na zo yi ba."

Na fito da takardar na karanta musu, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har da jan biron. Da na gama na ce, "Ina so in san waye a cikinku ya koya wa 'yata lalaci."

Dogo ya yi dariya har ya rungume jitarsa.

"Injiniya, mu fa ba wanda ya iya riƙe sanda a cikinmu. Me za mu koya mata? Kuma bayan lokaci? Yarinyar nan da ni kamar an ɗinke mu ne. Inda na sa yatsa nan take sa ƙafa."

"Me ya ce?" in ji Kofur.

"Ya ce mun lalata masa 'ya!" Dogo ya faɗa masa da ƙarfi.

"Wa? Mu? Ai ita ce ma ta fi mu tarbiyya."

"Wannan Daraktan," in ji Anti, "shekararsa nawa? Ina jin na girmi uwarsa. Ya zo nan ya ji kiɗa, ya bar rubuta wa mutane wasiƙa."

Dariyar ce ta ƙarasa ni. Makomar 'yata tana hannuna a rubuce, su kuma suna raha. Na tuna akwai wani abu a wayar Auta da take kunnawa a gida, agogon kiɗa take ce masa, yana ƙas, ƙas, ƙas, ba ya gaba ba ya baya. Da irinsa aka gwada su a gidan talabijin.

"In gaskiya kuke faɗa a gwada," na ce. "Auta, kunna agogon nan. Ki buga yadda takarda ta ce. Kada ki jinkirta, kada ki bar rami, kada kafaɗarki ta motsa. Mu ga wa ke daidai."

"Baba, don Allah."

"Kunna!"

"Baba, na roƙe ka. Mu je gida, zan yi maka bayani."

Idonta ya cika da ƙwalla, ni kuma na ɗauka kunyar malamanta take ji. Anti ce ta yanke maganar. Ta gyara tsayuwa ta ja makirufo.

"Kunna, 'yata. Shekara arba'in ina waƙa, waya ce za ta ba ni tsoro? Ki buga masa yadda yake so."

Auta ta ɗora wayar a kan ganga. Ƙas, ƙas, ƙas. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sunkuyar da kai ta fara.

Ko ni da ban san kiɗa ba na ji abin da ya faru. Ba a yi nisa ba aka bar Dogo a baya. Yatsunsa na hagu suna bin igiyoyin kamar mai tafiya a cikin taɓo, duk inda ya isa Auta ta riga ta wuce. Ya ƙara sauri ya yi tuntuɓe, ya dubi hannun. Da aka zo wurin da ƙaho zai shiga, Kofur yana zaune da ƙahon a baki, idonsa a kan kafaɗar Auta, yana jira. Kafaɗar ba ta motsa ba. Wurin ya wuce. Can sai ya busa shi kaɗai, a inda ba kowa, kamar motar da ta yi hon bayan an gama tsallaka titi.

Anti ta riƙe baitin farko. A ƙarshensa, inda Auta ta saba yin shiru, yanzu ganguna sun cika wurin taf, baiti na biyu ya zo nan take. Ta shiga ba ta ja numfashi ba. Ta kai rabi. A layi na uku muryar ta tsage, ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ta dafa sandar makirufo tana laluben jakarta, kaya suna zubowa, makullai, hoda, tabarau, har ta samo ɗan abin shaƙa na masu asma ta danna sau biyu.

Auta ta ajiye sanduna. Ba abin da ake ji sai wayar tana ƙas, ƙas, da fankar sama tana ƙwas, ƙwas. Kofur ne ya miƙa hannu ya kife wayar, bai san yadda ake kashewa ba.

Dogo yana buɗe hannunsa yana rufewa.

"Tun faɗuwar nan da na yi a banɗaki," ya ce a hankali, ba da kowa yake ba. "Likita ya ce ɓarin jikin da ya shanye zai dawo. Na zata ya dawo."

"Ashe kafaɗarta nake kallo," in ji Kofur. "Wallahi na ɗauka ji nake yi."

Anti ta zauna a kan akwatin lasifika. Sai da numfashinta ya daidaita ta ɗago.

"Auta. Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika zauna a matakalar otal kika ce takalmi ne ya matse ki."

"Shekara biyar ke nan."

"Eh, Anti."

"Ina zuwa asibiti ina yi wa likita alfahari, ina ce masa in ina waƙa ba na jin komai. Kina ji, ba ki faɗa ba."

"Me zan faɗa, Anti?"

Mai hankali a nan zai yi shiru ya sauka. Ni ban yi ba. Kunyar da ta fara hawa min sai ta juye ta zama wani sabon fushi, ya fi na farko zafi.

"To kun gani!" na ce. "Abin da nake faɗa ke nan. Kowa ya kwaso cutarsa ya ɗora wa yarinya. Wannan hannu, wannan kunne, wannan ƙirji. Ta ɗauka ta ɗauka har jikinta ya lanƙwashe, ku ko sani ba ku yi ba. Mutum uku manya! 'Yata ba sandar dogarawa ba ce. Ranar Alhamis in ta rasa aikin nan, wa zai ba ta wani? Ku?"

"Baba!"

Anti ta ɗaga mata hannu.

"Gaskiya ka faɗa, Baban Auta. Da a hankali ka faɗe ta ma da mun ji, ban da Kofur." Ba wanda ya yi dariya. Ta juya ga Auta. "Tattara sandunanki. Kada in ƙara ganinki a ɗakin nan sai bayan Alhamis. Ki je ki cire mu daga hannunki. In kika faɗi saboda ni, ban yafe miki ba."

A ƙasa na tayar da babur na jira. Auta ta sauko ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta tsallaka titi ta hau bas.

Kwana biyu ba ta yi min magana ba, gaisuwa ma sai a taƙaice. Tana ɗaki daga safe, ta jingina madubi a bango, wayar tana ƙas, ƙas. Kafaɗar ce ta fi ba ta wahala. Ta ɗora littafi a kai, ya faɗi, ta ɗora, ya faɗi. Daga baya ta kira uwarta ta tsaya a bayanta ta danne kafaɗar da hannu biyu. Na dawo cin abincin rana ranar Laraba na tarar ba a ɗora komai ba, uwar tana can tana danna kafaɗa.

"Ga burodi nan," ta ce min ta ƙofa. "Kai da ka iya gyara komai, gyara wa kanka shayi."

Na zauna a falo ina ji ta bango. Kiɗan ya zama santsi, kamar fankar da aka sa wa sabon boris, ƙarfen da take juyawa a kansa, ba rawa ba ƙara. Irin sautin da nake nema a shago duk yini ke nan. Ya kamata in ji daɗi. Maimakon haka na koma shago na yi faɗa da wata mata a kan wayar dutsen guga da ba ta kai a yi magana ba. Ina jin haushin tsofaffin da suka bar yarinya ta ɗauke su. Ina jin haushin Auta da ta yi shiru shekara biyar, ni ubanta ina ƙasa kan taya ban sani ba. Kuma duk lokacin da na rufe ido sai in ga hodar Anti tana gangarawa a kan kafet.

Ranar Alhamis ba ta ce in zo ba, ba ta ce kada in zo ba. Na ɗauki jakar farantan ƙarfen, ta bar ni na ɗauka.

Situdiyon yana da sanyi kamar cikin firji. An raba shi biyu da gilashi. Auta tana ciki ita kaɗai da ganguna da iyafis a kunne, mu muna waje gaban wani tebur mai maɓallai da babban allo. Saurayin nan ya riga ya yi nasa ya fita. Darakta yaro ne, bai fi talatin da biyar ba, da farin takalmin gudu da gorar ruwa a hannu. Ya gaishe ni da ladabi, ya sa aka ba ni kujera. Kusa da shi akwai wani mai furfura da ke kula da na'urorin sauti.

Waƙa uku ta buga. A kan allon akwai dogayen layuka a tsaye, kowane bugu nata yana fitowa kamar ɗan tsini. Na ga tsinin suna hawa kan layukan, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kauce. Kafaɗarta kamar an kafe ta da ƙusa. Fuskarta kuwa ban taɓa ganinta haka ba, kamar mai jiran a yi mata allura.

Darakta ya tafa sau ɗaya ya juyo gare ni.

"Ka gani, Baba? An gyara ta. Kwana uku kacal." Ya danna wani maɓalli ya yi magana ta cikin gilashin. "Madalla. Saura abu ɗaya. Minti ɗaya, ki buga duk abin da kike so, mu ji ke wace ce."

Na ɗaga mata hannu, ina nufin ta ci gaba da abin da take yi, kada ta canja komai. Ta gan ni sarai. Ta cire iyafis ɗin ta ajiye a kan cinya.

Waƙar ranar Talata ta buga, wadda na katse. Ba mawaƙiya, ba jita, ba ƙaho. Amma da ƙafarta ta sauka, kaɗan bayan inda kunne ke tsammani, na ga yatsun Dogo suna isowa a kan lokacinsu. Kafaɗar hagu ta tashi, na kusa jin ƙahon Kofur ya shigo. A ƙarshen baiti ta ɗauke hannu. Ɗakin ya yi tsit, daidai tsawon numfashi ɗaya na mace mai ciwon ƙirji, sannan ta dawo. Shekara shida ina jin wannan kiɗan ta bango ina cewa surutu ne. Ban san mutum uku nake ji ba.

Mai furfurar nan yana kaɗa kai, idonsa a rufe.

"Oga, akwai daɗi fa," ya ce.

"Daɗi ba ya hawa layi," in ji Darakta. Ya nuna allon yana dariya. "Dubi, duk sun dawo, su ukun. Kamar kuraje." Ya danna maɓallin. "Kin samu aikin. Ki fara ranar Litinin. Amma wannan kiɗan na gidan tsofaffi ki riƙa barinsa a ƙofa tare da takalminki, kin ji?"

Kuraje. Gidan tsofaffi. Jinina ya hau har kunnuwana suka yi zafi. Magana ta cika min baki, a shirye take tsaf. Zan tambaye shi ko ya taɓa jiran wani a rayuwarsa. Zan ce masa ni mai gyara ne, na san abin da ya lalace na san wanda bai lalace ba, kada ya ƙara cewa an gyara min 'ya. Zan ce masa abin da yake kira kuraje, da shi wata mata ta yi shekara biyar tana waƙa ba ta ji ciwonta ba. Na miƙe tsaye. Ya dube ni yana murmushi, takardar ɗaukar aiki tana gabansa, bai sa hannu ba tukuna.

"Mun gode, ranka ya daɗe," na ce. "Allah ya ƙara girma."

Har da ɗan rusunawa na yi.

A bakin get Auta ta karɓi jakar daga hannuna.

"Ka samu abin da kake so, Baba."

"Na samu."

"Na zata za ka yi masa irin na malamin lissafi."

"Ni ma na zata."

Ta rataya jakar a kafaɗa. Sannan ta hau bayan babur ɗin.

Wannan fushin shi ne ya fi ci na, don ba wanda zan kai wa. Na iya hawa bene in yi wa marasa lafiya uku ihu. Gaban yaro mai biro kuwa na rusuna. Kuma in aka maimaita, na san rusunawar zan sake yi, don katin asibitin nan ina son ta da shi.

Ranar Asabar ƙarfe uku da rabi na ɗauki jakar kayan aiki na hau matakalar ƙarfen. Su uku suna zaune, ba wanda ya taɓa kayan kiɗansa.

"Injiniya," in ji Anti. "Wata takardar ka kawo?"

"Fankarku na zo dubawa. Za ta faɗo a kan wani."

Na hau kujera na kashe ta. Na miƙar da fiffiken da filaya, na ɗaure sukurorin, na canja kafasita. Ina sama, idona a kan aikin, na ce musu Auta ta samu aikin. Na ce abin da na faɗa ranar Talata bai kamata ya fito haka ba.

"Me ya ce?" in ji Kofur.

"Haƙuri yake ba mu," in ji Dogo, "amma da fanka yake magana."

Na kunna. Ta juya shiru, iska ta sauko daidai. Dogo ya ɗaga kai ya yi tsaki.

"Haba Injiniya! Da ƙwanƙwasar nan nake ƙirgen shiga waƙa. Mayar mana da ita."

"Wannan kam ba zan mayar ba. Fanka fanka ce."

Muna cikin haka Auta ta shigo da sandunanta. Ta gaishe su ta zauna a wurinta kamar ba abin da ya faru. Anti ta rungume ta ta gefe, ta ce mata 'yar albashi, sannan ta ja makirufo ta ajiye abin shaƙarta a fili kan akwatin lasifika, ba a cikin jaka ba.

Suka fara. Ni ina tsaye a kan kujera da filaya a hannu, na kasa sauka. Da aka zo ƙarshen baitin farko Auta ta ɗauke hannu. Anti ba ta ja numfashi ba. Ta juya.

"Tsaya. Na ce miki kada ki ƙara jirana. Ba na son sadaka."

"Anti, ba ke nake jira ba."

"Wa kike jira to?"

"Ba kowa. Haka hannuna yake. Ko ba kya nan haka nake bugawa. Tambayi Baba, ya gani."

Duk suka ɗago suna kallona, har Kofur.

"Haka ne," na ce. "Ɗakin ba kowa sai ita. An ce ta buga abin da take so, ta bar ramin. A gaban Darakta, takarda ba a sa mata hannu ba. Saura kaɗan zuciyata ta tsaya."

Anti ta dubi Auta, ta dubi abin shaƙar, ta gyara 'yan kunnenta.

"To, in ramin naki ne," ta ce, "ara min."

Auta ta haɗa sandunan sau huɗu. Kofur ya kafa ido a kan kafaɗarta, wannan karon yana sane. A ƙarshen baiti gangunan suka yi shiru, Anti ta ja numfashi mai tsawo, da ƙara, har ni da ke kan kujera na ji, sannan ta shiga baiti na biyu.